Haruffan ɗigo a wasan waya: me ke kawo dishi-dishi, kuma ina ƙ da ɗ da ɓ suka shiga?

Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa ɗan wasan waya da manhajar haɗa wasanni ta Godot, mai kamannin wasannin da, kuma da Hausa nake son duk rubutun cikinsa. Na sauko da zubin haruffa irin na ɗigo-ɗigo, amma a wayata sai ya fito dishi-dishi, ƙafafun wasu haruffa sun fi na wasu kauri. Ga shi kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suke sai akwati ya fito. Akwai kuma ƙaramin allo da na jona da 'yar na'urar lantarki ta Arduino don aikin makaranta, shi kuma wasu baƙin alamomi yake nunawa a wurinsu. Ina mafita?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa karatu albarka. Matsala biyu ka kawo, kowace da tushenta. Dishi-dishin nan lissafi ne bai zauna daidai ba, kuma gyaransa ba ya cin lokaci. Akwatin da ke fitowa a madadin ƙ kuwa, sai ka zauna ka zana harafin da hannunka, domin wanda ya ƙera zubin bai sa Bahaushe a lissafinsa ba. A kan na biyun za mu fi daɗewa, don shi ne ba kasafai ake samun mai bayaninsa ba.

Harafin zamani, irin wanda kake karantawa yanzu, layi ne da aka siffanta da lissafi, kwamfuta tana faɗaɗa shi ko ta tsuke shi yadda aka so. Harafin ɗigo kuwa gurbi-gurbi aka ƙirga shi, kamar gidajen dara: kowane gurbi ko da ɗa a ciki ko babu, ba a sa rabin ɗa. Yawancin na'urorin wasa na shekarun 1980 a gurbi 8 sau 8 suke zana harafi, bayit 8 na ma'ajiya ke nan ga kowane ɗaya in launi ɗaya ne. Commodore 64 ta 1982 tana jera harafi 40 a layi 25 bisa allo mai ɗigo 320 da 200. Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, tana da 256 da 240. Game Boy ta 1989 tana da 160 da 144, wato gurbin harafi 20 a faɗi. Nokia 3310 ta shekarar 2000, wadda da yawa suka buga wasan maciji a kanta, ɗigo 84 da 48 ne duka allonta. Ƙarancin wuri ne ya haifar da wannan salo, kuma abin da ya bar mana gado shi ne kowane zubi yana da girmansa na asali da aka ƙirga shi a kai.

Zubin Press Start 2P, wanda aka zana bisa haruffan injinan wasan Namco na shekarun 1980, girmansa na asali 8 ne. VT323 na Peter Hull, da aka kwaikwayo daga allon tsohuwar na'urar VT320 ta kamfanin DEC, 16 ne. GNU Unifont ma tsawonsa 16. Ko dai ka yi aiki da girman asali, ko da cikakken ninkinsa: 8, 16, 24, 32 ga na farko, 16, 32, 48 ga sauran biyun. Da zarar ka sa mai 8 a girman 12, ka umarci injin ya mayar da kowane ɗigo ɗaya da rabi, alhali allo ba shi da rabin ɗigo. Hanya biyu ta rage masa. Ko ya shafa toka-toka a gefen harafin don ya ruɗi ido, shi ne dishi-dishin da kake gani. Ko ya ba wannan ɗigo gurbi ɗaya ya ba na kusa da shi biyu, shi ne ka ga ƙafar m ta hagu siririya, ta dama kakkaura. Alamomin nan biyu da ka faɗa ciwo ɗaya ne.

A Godot 4, zaɓi fayil ɗin zubin ka buɗe shafin Import. Antialiasing ka mayar da shi None, Hinting ma None, Subpixel Positioning ka sa Disabled, ka tabbata Multichannel Signed Distance Field a kashe yake, sannan ka danna Reimport. Daga nan ka shiga Project Settings, ƙarƙashin Rendering da Textures, ka canza Default Texture Filter daga Linear zuwa Nearest. Wannan ne ke hana injin cakuɗa launin ɗigo da na maƙwabcinsa yayin faɗaɗawa. Sai ka koma Display da Window, ka sa Stretch Mode a viewport, Scale Mode kuma a integer, wanda ya shigo tun daga siga ta 4.2. Hotunan da ke ɗauke da rubutu ka bar matsinsu a Lossless, domin matsin da ake yi wa hotuna don katin zanen waya yana tara ɗigogi rukuni-rukuni, ya ci gefen harafi.

Girman filin wasan shi ne shawarar da ya kamata ka yanke kafin komai. Ga wasan da ake riƙe waya a tsaye, ɗauki faɗin 180. Waya mai 720 da 1600, irin wadda ake yawan gani a hannun jama'a, za ta ninka shi sau 4 cif, mai 1080 da 2400 kuma sau 6, kuma dukansu biyu tsawon 400 za su ba ka. Ka sa Aspect a expand don wayoyin da tsawonsu ya bambanta su cike sama da ƙasa. Ga wasan kwance, 320 da 180 ne: sau 4 ya ba da 1280 da 720, sau 6 ya ba da 1920 da 1080. A kwamfutar tafi-da-gidanka mai 1366 da 768 zai tsaya a sau 4, ya bar baƙin gefe na ɗigo 43 dama da hagu, 24 sama da ƙasa. Ka bar gefen nan yadda yake, ya fi rubutu mai karkatattun ƙafafu sau dubu.

Akwai gutsuren lissafi da ke ɓuya ko bayan ka gyara duk waɗannan. In faɗin rubutu 75 ne kana son ya zauna a tsakiyar 180, rabin abin da ya rage 52.5 ne, rabin ɗigo ya dawo ke nan. Ka riƙa sauke sakamakon zuwa cikakkiyar lamba da floor kafin ka ajiye rubutun. Haka kyamarar da ke bin ɗan wasa: in matsayinta yana da gutsure, sunan da ke saman kansa zai riƙa kyarma. Rubutun da ba ya motsi, irin maki da yawan rai, ka ɗora shi a CanvasLayer don kyamara ta fita harkarsa. Kada kuma ka juya rubutun ɗigo ko ka sa ya kumbura a hankali daga ninki 1 zuwa 1.3 don burgewa. In kana son ya yi motsi, ɗaga shi ɗigo ɗaya ko biyu, ko ka sauya masa launi.

Ga masu aiki da wasu kayan, maganar ɗaya ce da suna daban: a Unity Filter Mode ya zama Point, Compression None, kuma a TextMeshPro a zaɓi Raster a bar SDF. A shafin intanet a zana a ƙaramin canvas a sa masa image-rendering: pixelated, a kuma lissafa ninkin da ainihin ɗigogin wayar, domin wasu wayoyi suna ninka awon shafi da 2.625 ko 2.75. A Windows ma in an sa nuni a kashi 125, girman 16 ya koma 20. Sannan a lura da awo: pt 12 shi ne px 16, manhajar da ke awo da pt tana iya ruɗa mutum.

Yanzu ga haruffanmu. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, injin kuma da lambar yake neman hoton harafin a cikin zubi. In bai samu ba, ko ya nuna akwati, ko ya aro daga wani zubin wayar, sai ka ga ƙ sumul-sumul a tsakiyar kalmar ɗigo. Lambobin da kake buƙata su ne Ɓ U+0181, ɓ U+0253, Ɗ U+018A, ɗ U+0257, Ƙ U+0198, ƙ U+0199. Ka lura da wani tarko a nan: manyan uku da ƙaramin ƙ suna rukunin Latin Extended-B, amma ɓ da ɗ suna can rukunin IPA Extensions. Shi ya sa zubi yana iya cewa yana ɗauke da faɗaɗɗen Latin, ka duba ka tarar babu ɓ babu ɗ, ko ma babu ko ɗaya, domin sau da yawa haruffan Turai ta Tsakiya ake nufi. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a shafin. Liƙa wannan jimla a wurin gwaji kafin ka sauko da komai: "Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya, Ɗanjuma da Ƙasimu sun ɓoye 'ya'yan akuya."

Tunda a Sakkwato kake, ka ƙara Ƴ U+01B3 da ƴ U+01B4. Mu a Nijeriya 'y muke rubutawa, amma ƙa'idar rubutun Nijar ƴ take amfani da shi, kuma wasan da aka yi a nan ba zai daɗe ba zai haye Illela ya shiga Birnin Ƙonni. In ɗan wasa zai rubuta sunansa da kansa, dole harafin ya kasance. Sai alamar naira, ₦ U+20A6.

Alamar ɗauri ta sama, wadda ke cikin sa'a da jami'a da 'yan, ita ce ta fi yaudarar mutane, domin lamba huɗu take zuwa da su. Akwai miƙaƙƙiya ta madannai U+0027, akwai lanƙwasasshiya U+2019, akwai U+02BC da wasu madannan Hausa ke fitarwa, sannan in an rubuta labarin wasan a Word, takan juya ta farkon 'yan ta koma U+2018. Ka zana hoto ɗaya ka ba duka huɗun. Faɗinta ɗigo ɗaya, tsawonta biyu, kuma kada ka ba ta cikakken gurbin harafi in zubinka yana yarda kowane harafi ya ɗauki faɗinsa, in ba haka ba ma'ana za ta fito kamar kalma biyu.

Kada ka yarda da shawarar a zubar da lanƙwasar a rubuta k da d da b zalla. Babban mutum yana cike gurbin da kansa, amma yaro mai koyon karatu da wasanka ba zai raba baki da baƙi ba, ko fada da faɗa, ko kafa da ƙafa. Ɗigo biyu ne kacal ke tsakaninsu a allo, kuma ɗigo biyun nan su ne aikinka.

Ga yadda ake zana su. Ka fara da tsayar da awo huɗu. Ga ƙaramin zubi mai daɗin karatu, tsawon ƙananan haruffa irin a da n da o ya zama ɗigo 5, manyan haruffa 7, jelar g da y da j ta sauka 2 ƙasa da layi. Masu zana zubin Turanci sukan tsayar da sandar b da d da k a 7 daidai da manya. Kai ka ba ta 8 in wuri ya yarda, domin lanƙwasa tana cin layi ɗaya, kuma tana son aƙalla layi biyu na miƙaƙƙiyar sanda a ƙarƙashinta kafin cikin harafin ya fara. Jimla 10 ke nan, tazarar layi zuwa layi ka sa 12, don jelar y ta sama kada ta taɓa lanƙwasar ƙ ta ƙasa.

In kuma gurbin 5 da 7 ya matse ka, har yanzu ana iyawa. A nan 1 ɗigo ne a kunne, 0 a kashe. Ga ƙ:

01100
10000
10010
10100
11000
10100
10010

Layin farko ne duk sirrin: an cire ɗigon kan sandar, an tura biyu dama, sai ido ya ga sandar ta rusuna. Haka ɓ take farawa, amma ita tana da abokiyar rikici, lamba 6. Dukansu suna da ciki a ƙasa da baki mai lanƙwasa a sama. Abin da ke raba su kusurwar ƙasa ta hagu ce: a ɓ ka bar ta cike, layin ƙarshe 11110, sandar ta sauko sambal har ƙasa, a 6 kuma ka gutsure ta, 01110, ka karkato wuyanta daga dama a hankali. Ka rubuta "ɓ6ɓ6" ka miƙa wa wani wayar. In ya yi jinkiri kafin ya karanta, da sauran aiki.

Matsalar ɗ daban ce. Sandarta tana dama, lanƙwasar ma dama take nufa, ga shi babu sauran gurbi a can. Sai ka tsuke cikin harafin zuwa ɗigo 4, ka bar na biyar don ƙugiyar:

00011
00010
01110
10010
10010
10010
01110

In zubinka mai faɗi daban-daban ne, kada ka tsuke komai, ka ƙara mata gurbi ɗaya a dama. Sai dai ka duba ta kusa da haruffa masu sanda a hagu, kamar a haɗɗiya, kada ƙugiyar ta manne da maƙwabci.

Manyan Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, a sama: layin kan harafin ya zarce sandar zuwa hagu da ɗigo biyu, sannan ɗigo ɗaya ya sauko. In ka zarce da ɗigo ɗaya ba ka sauko ba, ƙawa ce kawai ka yi wa B, ba wanda zai karanta shi Ɓ. Sun fi samun sarari a faɗin 7. A faɗin 5 cikinsu ɗigo ɗaya zai rage, ana karantawa amma da ƙyar. Shi kuwa Ƙ, hannunsa na dama na sama ne ke hawa ya lanƙwaso. Layi ukun farko su zama 10010, 10101, 10100, kuma lallai ka bar sarari tsakanin kan sandar da ƙugiyar, in suka haɗe ya zama R. Alamar naira tana son faɗin 7, layinta biyu na kwance su ɗan fito waje da ɗigo ɗaya kowane gefe. A ƙasa da haka dunƙulen baƙi take zama, gara ka rubuta N zalla yadda aka saba gani a rasit.

Hausa tana yawan amfani da w da m, ga tagwayen baƙaƙe, kuma su ne ke fallasa raunin ƙaramin zubi. Ba a zana w ko m mai kyau a ƙasa da faɗin 5, zubi mai faɗin 3 yana mayar da su kamar u da n masu ƙura. Gwada da sunayen gida: Sakkwato, Wamakko, Gwadabawa, Tambuwal, Illela. Na ƙarshen zai nuna maka ko babban I da ƙaramin l sun rabu. Ka ba I ƙafa da hula, l ka ba ta ɗan lanƙwasa a ƙasa, 1 ka ba ta baki a hagu, sifili kuma ka sa masa ɗigo ko layi a ciki don ya bambanta da O. Ko da yake p da q da v da x ba sa cikin abacadan Hausa, ka zana su, sunayen mutane da na kamfanoni za su nema.

Lissafin wuri ma ka yi shi tun yanzu. Zubi mai gurbi 8 a faɗin 180 harafi 22 yake ɗauka a layi. "Taɓa allo don ci gaba" harafi 21 ne har da tazara, ɗigo 168, ya bar 6 a kowane gefe. Ya shiga, amma da ƙyar. Don haka irin Press Start 2P ka ajiye shi don sunan wasa da maki da maɓallai. Hirar mutanen cikin wasa ka yi ta da siririn zubi mai faɗi daban-daban, inda i take cin gurbi 2 ko 3, w take cin 6, za ka samu kusan harafi 30 a layi. Wani abin lura game da tsofaffin zubi: sandunansu na tsaye ɗigo biyu ne saboda talabijin mai tulu yana shafe siririn layi, kuma a allon 320 da 200 na kwamfutocin IBM ɗigon ya fi tsawo a kan faɗi da kashi ɗaya cikin biyar. A wayar yau sai su fito gajeru masu ƙiba fiye da yadda aka san su.

Kayan aikin ba su da tsada. FontStruct da BitFontMaker2 a burauza suke aiki, kyauta, suna fitar da fayil ɗin TTF. FontForge kyauta ce ita ma, da ita ake buɗe zubin da ke akwai a ƙara masa harafi: ka kwafi k zuwa gurbin U+0199 ka gyara kansa. Ka fara auna ɗigo ɗaya awo nawa ne a zubin. In jimlar awonsa 1024 ce a tsawon 16, kowane ɗigo 64 ne, kuma duk kusurwa da duk faɗin harafi sai sun faɗa a ninkin 64. Mai 1000 a tsawon 16 yana ba da 62.5, shi ya sa wasu zubi ba sa zama tsaf ko a girmansu na asali. Hanya ta biyu ita ce ka zana haruffan a hoton PNG da LibreSprite ko Piskel, ka haɗa da fayil ɗin fnt irin na BMFont, wanda Godot ke karantawa kai tsaye. A can lambobin haruffan da ƙirgen goma-goma na yau da kullum ake rubuta su: 385, 595, 394, 599, 408, 409, 435, 436. Ka bar tazarar ɗigo ɗaya ko biyu tsakanin haruffa a hoton don gefen wani kada ya leƙo cikin wani. Kada ka ajiye shi a JPEG, kuma in za ka tura wa abokin aiki ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, in ya tafi a matsayin hoto matse shi za a yi.

Kafin ka taɓa zubin wani, karanta lasisinsa. Mai lasisin OFL, wato buɗaɗɗen lasisin zubin haruffa, kamar yawancin na Google Fonts, ya halatta ka gyara, ka ƙara haruffa, ka sa a wasan da kake sayarwa. Sharaɗin shi ne gyararren ya ci gaba da zama a OFL, ka haɗa takardar lasisin, kada ka sayar da zubin shi kaɗai, kuma in mai shi ya keɓe sunan, ka raɗa wa naka sabon suna. Wanda aka ce na amfanin kai ne kawai bai halatta a wasan da ke nuna talla ba. Ka nisanci haruffan da aka ciro kai tsaye daga tsohon wasa. In kana gaggawa, Unifont yana da duk haruffan Hausa, amma fayil ne mai nauyi, sai ka yanko waɗanda kake so da 'yar manhajar pyftsubset. Muna roƙonka in ka gama naka ka sake shi a OFL, domin ɗalibin da zai zo bayanka kada ya sake farawa daga tushe.

Allon Arduino, in mai harafi 16 a layi 2 ne, to mai sarrafa shi HD44780 ne ko ɗan'uwansa, gurbinsa 5 da 8. Dalilin baƙin alamomin shi ne a tsarin UTF-8 bayit biyu ne ƙ, wato C6 da 99. Allon bai san da wannan tsari ba, sai ya ɗauki kowane bayit harafi mai zaman kansa, kuma a samfurin da ya fi yawa a kasuwa na farkon harafin Japananci ne, na biyun fanko. Amma ya tanadi gurbi 8 na haruffan da kai za ka zana. Shida na Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ, biyun da suka rage na Ƴ ƴ ko wata alamar da aikinka ke so. Ka zuba layukan da ke sama a jerin bayit takwas, B01100, B10000, har ƙasa, na takwas B00000, ka kira lcd.createChar(1, jerin) a cikin setup bayan lcd.begin. Daga nan dole ka kira lcd.setCursor kafin ka rubuta komai, in ba haka ba rubutunka zai zube a ma'ajiyar haruffan ya ɓata su. Don rubuta baƙi, sai lcd.print("ba"), lcd.write(byte(1)), lcd.print("i"). Gurbin 0 ba ya shiga cikin jimla, domin a harshen C shi ne alamar ƙarshenta. In zafin bazara ya sa allon ya yi duhu ko ya koɗe, murɗa ɗan maɓallin 10k da ke kan ƙafar V0, hasken irin wannan allo yana canzawa da zafi.

In kuma allon OLED ne mai SSD1306, 128 da 64, yi aiki da laburaren Arduino na U8g2. Ka fitar da zubinka a tsarin BDF daga FontForge, ka juya shi da bdfconv kana ba shi 32 zuwa 126 da lambobin nan na sama, ka rubuta da drawUTF8 maimakon drawStr. Cikakken hoton allon bayit 1024 ne, rabin ma'ajiyar RAM ta Arduino Uno R3 gaba ɗaya, don haka ka zaɓi sigar da ke zana shafi-shafi. Wannan batu na bayit biyu yana cizo a wasu wurare: strlen zai ƙirga baƙi biyar, toupper na C ba zai mayar da ƙ zuwa Ƙ ba, kuma rubutun da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya zai tsaga harafin gida biyu in da bayit kake yanka. A Godot ba ka da wannan damuwa, visible_characters da harafi yake ƙirga.

Ɗan Sakkwato zai iya sha'awar sa ajami, rubutun da Nana Asma'u ta yi waƙoƙinta na Hausa da shi. Ka san dai gurbin 8 ba zai ɗauka ba. Harafi yana canza siffa a farko da tsakiya da ƙarshe, ga ɗigogi, ga wasulla sama da ƙasa waɗanda ajamin Hausa ba ya karantuwa sai da su. Tsawon 16 ne mafi ƙaranci, 24 ya fi. Godot 4 yana iya jera rubutu daga dama ya kuma haɗa haruffa, amma sai zubin yana ɗauke da ƙa'idojin haɗin a cikinsa, abin da fayil ɗin fnt ba shi da shi. In sunan wasa ne da 'yan kalmomi, zana kowace kalma a matsayin hoto guda.

Gwajin ƙarshe a waje ake yinsa. Waya mai inci 6.5 da 720 da 1600 tana da ɗigo kusan 270 a inci. A ninki 4 babban harafi mai ɗigo 7 ya kai milimita 2.6, ana karanta shi ba wahala. A ninki 2 milimita 1.3 ne, ya yi ƙanƙanta ga kowa. Ka fita da wayar tsakar gida da azahar, hasken allon a rabi, yadda mutane ke rage shi don tattalin caji. Kore a kan kore irin na Game Boy, da ja a kan shuɗi, ɓacewa suke a ranar Sakkwato. Ma'aunin WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet, yana neman bambancin haske na 4.5 da 1 ga ƙaramin rubutu, kai ka wuce haka. Rubutun da ke kan hoto mai motsi ka kewaye shi da baƙin layi na ɗigo ɗaya, amma ka duba ƙugiyar Ƙ da ta Ɓ bayan ka sa shi, domin ramin da ke cikinsu ɗigo ɗaya ne kuma layin yana cike shi. In ya cike, ka bar kewayen ka sa baƙin faifai a bayan rubutun gaba ɗaya, da tazarar ɗigo 2 a kowane gefe.